Kundin Aiki: Ɗan Littafin Gabatarwa kan Addinin Kirista

13 ga Janairu, 2025

An tsayar da fasalin littafin. Zai kasu kashi uku, asali, nassi da aƙida, kuma wanda nake rubutawa dominsa shi ne mai karatun da bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, ko kuma ya taɓa buɗewa amma bai san yadda aka yi littattafan da ke cikinsa suka taru wuri ɗaya ba. Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne in raba abubuwa uku da marubuta kan gwama: abin da masana tarihi ke iya kafawa da hujja, abin da nassin ya faɗa, da abin da Kiristoci suka gaskata suke kuma furtawa a wajen ibada. Duk jimlar da na rubuta, dole mai karatu ya gane a wane ɗaya daga cikin ukun nan take zaune. Littafin ba na wa'azi ba ne, ba kuma na raddi ba ne.

27 ga Janairu

Babi na farko, wanda ya shafi ƙasar da abin ya faro, ya kai matakin zayyana ta biyu. Na fara shi daga shekara ta 63 kafin miladiyya, lokacin da janar ɗin Roma Fomfe ya shiga Urushalima, domin daga nan ne ƙasar Yahudiya ta koma ƙarƙashin ikon Romawa, wani lokaci ta hannun sarakunan gida irin su Hirudus Babba, wani lokaci ta hannun gwamnan da aka turo kai tsaye. Yahudawan wancan zamani ba bakinsu ɗaya ba. Sadukiyawa su ne ke riƙe da Haikali, kuma ba su yarda da tashin matattu ba. Farisiyawa sun yarda da shi, suna kuma koyar da yadda za a kiyaye Attaura a harkokin yau da kullum. Akwai waɗanda suka ƙaurace zuwa jeji kusa da Tekun Gishiri, akwai kuma masu ganin takobi ne kaɗai zai fitar da Romawa. Cikin wannan yanayi na jiran Almasihu ne Yesu Banazare ya fito yana wa'azin Mulkin Allah a Galili, bayan Yahaya Mai Baftisma ya yi masa baftisma a Kogin Urdun.

Batun shekarar haihuwarsa ya ci sakin layi guda. Bisharar Matiyu ta sanya haihuwar a zamanin Hirudus, shi kuwa Hirudus yawancin masana sun tafi a kan ya mutu a shekara ta 4 kafin miladiyya. Ƙirgen shekarun da duniya ke amfani da shi yanzu wani malamin zuhudu ne mai suna Diyonisiyus ya tsara shi a shekara ta 525, kuma lissafinsa ya ɗan goce da 'yan shekaru. Saboda haka na rubuta cewa an haifi Yesu tsakanin shekara ta 6 da ta 4 kafin miladiyya, na kuma bayyana dalilin, don kada mai karatu ya ɗauka kuskuren ɗab'i ne.

10 ga Fabrairu

Wannan makon ya tafi ne a kan shaidun da ba Kiristoci ba. Ba su da yawa, amma nauyinsu ya fi yawansu. Tasitus, marubucin tarihin Roma, yana ba da labarin gobarar da ta cinye birnin a shekara ta 64 da yadda sarki Nero ya ɗora wa Kiristoci laifin, sai ya ambaci cewa wanda suka samo sunansu daga gare shi an kashe shi ne a zamanin sarki Tibariyas ta hannun Fontiyus Bilatus. Tasitus ba ya ƙaunar Kiristoci ko kaɗan, shi ya sa shaidarsa ke da daraja. Yosifus, Bayahuden da ya kammala babban tarihinsa wajen shekara ta 93, ya ambaci kisan Yakubu ɗan'uwan Yesu a shekara ta 62. Ɗaya wurin da ya yi magana a kan Yesu kansa kuwa, yawancin masana na ganin hannun Kiristoci masu kwafa ya taɓa shi daga baya, don haka na kawo shi tare da wannan gargaɗin. Shi Bilatus ya yi gwamnan Yahudiya daga 26 zuwa 36, kuma a 1961 aka tono wani dutse a Kaisariya ɗauke da sunansa da muƙaminsa.

Wanda na fi daɗewa a kansa shi ne Filini Ƙarami, gwamnan Bitiniya a arewacin ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu, wanda ya rubuta wa sarki Tirajan wasiƙa wajen shekara ta 112 yana neman shawara. Ya bayyana yadda yake yi da waɗanda aka kawo ƙararsu: yakan tambayi mutum ko shi Kirista ne, ya maimaita tambayar har sau uku yana yi masa barazana, idan ya dage sai a kashe shi, in kuwa ɗan ƙasar Roma ne a tura shi can. Wanda ya musanta, sai a sa shi ya ƙona turare ya zuba ruwan inabi a gaban siffar sarki, ya kuma zagi Almasihu. Waɗanda suka bar addinin sun shaida masa cewa abin da suke yi shi ne su taru a wata rana ƙayyadajjiya kafin gari ya waye, su rera waƙa ga Almasihu kamar ga abin bauta, su yi rantsuwa ba za su yi sata ko zina ko cin amana ba, sa'an nan su watse su sake haɗuwa don cin abinci. Tirajan ya amsa cewa kada a bi su ana farauta, kada kuma a karɓi ƙarar da ba ta da sa hannu. Abin da ya ja hankalina a wannan wasiƙa shi ne, tun fiye da shekara 200 kafin wata majalisa ta zauna ta tsara aƙida, talakawa a wani lardi mai nisa suna yi wa Yesu irin waƙar da ake yi wa Allah. Ina jin wannan ne zai zama zaren da zai ɗinke littafin duka.

A nan ne kuma na sanya bayani guda a sarari: masana tarihi, masu addini da marasa addini, kusan bakinsu ɗaya cewa an gicciye Yesu wajen shekara ta 30 ko ta 33, alhali Alƙur'ani ya ce ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba. Na faɗi matsayin kowane ɓangare da sunansa, na wuce.

3 ga Maris

Na sauya jerin babi na uku da na huɗu, Bulus ya zo kafin Bisharu. Wanda ya buɗe Sabon Alkawari zai tarar da Matiyu, Markus, Luka da Yahaya a gaba, sai ya zaci su aka fara rubutawa, alhali wasiƙun Bulus sun riga su duka. Ta fari zuwa ga Tasalonikawa an rubuta ta ne wajen shekara ta 50 ko 51. Muna iya ƙayyade wannan lokaci saboda littafin Ayyukan Manzanni ya ce an gurfanar da Bulus a Koranti gaban gwamna Galiyo, wani rubutu kuma da aka samu a kan dutse a Delfi ta ƙasar Girka ya nuna Galiyo yana kan wannan kujera wajen 51 zuwa 52. Wasiƙu 13 ne ke ɗauke da sunan Bulus, bakwai daga cikinsu babu jayayya a kansu tsakanin masana: Romawa, Korintiyawa ta fari da ta biyu, Galatiyawa, Filibiyawa, Tasalonikawa ta fari, da Filimon.

A babi na 15 na Korintiyawa ta fari, Bulus ya ce yana miƙa musu abin da shi ma ya karɓa ne, wato Almasihu ya mutu domin zunubai, an binne shi, an tashe shi a rana ta uku, ya kuma bayyana ga Bitrus da sauran almajirai. Tun da ya ce karɓa ya yi, to wannan furuci ya girmi wasiƙar, kuma shi ne mafi daɗewar taƙaitaccen bayanin bangaskiyar Kirista da ya iso gare mu. Sauran babin da na rubuta a kan Bulus ya bi rikicin da ya kusa raba jama'ar tun tana jaririya: shin wanda ba Bayahude ba sai ya yi kaciya ya kiyaye dokokin Musa kafin a karɓe shi? Taron da aka yi a Urushalima wajen shekara ta 49 ya ce a'a. Ba don wannan hukunci ba, da wuya abin ya wuce matsayin wata ƙungiya a cikin Yahudanci. A Antakiya aka fara kiran almajiran da sunan Kirista, rushe Haikali da sojojin janar ɗin Roma Titus suka yi a shekara ta 70 kuma ya ƙara faɗaɗa tazarar da ke tsakanin al'ummomin biyu.

17 ga Maris

Babin Bisharu ya fito gajere, kuma haka zan bar shi. Yawancin masana na sanya Markus wajen shekara ta 70, Matiyu da Luka tsakanin 80 da 90, Yahaya kuma zuwa ƙarshen ƙarni na farko, kodayake akwai malaman ikkilisiya da ke ganin an rubuta su tun kafin haka. Ukun farko sun yi kama da juna sosai, har mafi yawan abin da ke cikin Markus ana samunsa a Matiyu, shi kuwa Yahaya ya bi tasa hanyar da dogayen jawabai. Da Girkanci aka rubuta su duka, duk da cewa Yesu da Aramiyanci yake magana. Na ƙara jimla biyu don fayyace cewa a wurin Kiristoci Bishara ba littafi ba ne da aka saukar wa Yesu. Shaida ce da wasu suka rubuta a kansa, wadda suka gaskata Ruhu Mai Tsarki ne ya bi da marubutanta.

7 ga Afrilu

Babin da ya fi kowane cin lokaci shi ne na yadda aka tantance littattafan. Kiristocin farko suna da nassi tun ranar farko, amma nassin Yahudawa ne, kuma galibinsu suna karanta shi ne a fassarar Girkanci da aka fara a Iskandariya ta Masar a ƙarni na 3 kafin miladiyya, wadda ake kira Seftuwajinta. Wannan fassara ta zo da wasu littattafai da ba su cikin jerin Ibrananci, irin su Tobit, Yudit, Hikimar Sulemanu, Sirak, Baruk da Makabiyawa biyu. Daga nan bambancin ƙirge ya samo asali: Furotesta suna da littattafai 39 a Tsohon Alkawari, jimla 66, Katolika suna da 46, jimla 73, ikkilisiyar Otodoks ta Habasha kuwa tana ƙirga 81. Martin Luta, a fassararsa ta Jamusanci ta 1534, ya ware waɗannan littattafai ya ajiye su tsakanin Alkawura biyu, Majalisar Tirent ta Katolika kuma ta tabbatar da su a 1546.

Littattafai 27 na Sabon Alkawari kuwa babu saɓani a kansu tsakanin Katolika, Furotesta da Otodoks na Girka, amma ba a rana ɗaya aka tsayar da su ba. Wani mai suna Markiyon, wanda ikkilisiyar Roma ta kora wajen shekara ta 144, ya watsar da Tsohon Alkawari ɗungurungum, ya riƙe Luka da ya yi wa kwaskwarima da wasiƙun Bulus goma, abin da ya tilasta wa sauran su faɗi nasu matsayin. Wajen shekara ta 180 Ireniyus, bishof na Liyon, yana kare Bisharu huɗu, ba ƙari ba ragi. An daɗe ana kai-kawo a kan Ibraniyawa, Yakubu, Bitrus ta biyu, Yahuza da Wahayin Yahaya. Jerin farko da ya yi daidai da na yau ya fito ne a wasiƙar Ista (idin tashin Yesu daga matattu) ta Atanasiyus, bishof na Iskandariya, a shekara ta 367, taron Hifo na 393 da na Kartaj na 397 kuma suka amince da irinsa. Na yi amfani da wannan dama na gyara wani zance da ya yaɗu, cewa a Majalisar Nikiya, taron bishof-bishof na shekara ta 325, aka zaɓi littattafan aka ƙona sauran. Bayanan majalisar da suka tsira ba su nuna ta tattauna wannan batu ba sam. Abin da ya faru ya fi haka sanyi: littattafan da ikkilisiyoyi suka daɗe suna karantawa a taron ranar Lahadi, waɗanda ake dangantawa da manzanni, su ne suka zauna.

28 ga Afrilu

An kammala shafukan da suka shafi tsofaffin kwafe-kwafe, an kuma zaɓi hotuna biyu. Na farko wani ɗan guntun takardar fafirus ne da ke ɗakin karatu na John Rylands a Manchesta ta Ingila, wanda bai kai tafin hannu ba, tsawonsa kusan santimita 9, faɗinsa 6. A gabansa akwai ragowar ayoyi 31 zuwa 33 na Yahaya babi na 18, a bayansa ayoyi 37 da 38, wato wurin da Bilatus ke yi wa Yesu tambayoyi. Ana sanya shi a ƙarni na 2. Kasancewar an rubuta shi gaba da baya ya nuna daga littafi mai shafuka ya fito, ba daga naɗaɗɗiyar takarda ba, kuma Kiristoci sun rungumi wannan sabon salo tun da wuri. Hoto na biyu shi ne naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka samu a kogon Kumran a 1947, fata ce mai tsawon fiye da mita 7, wadda ta girmi cikakken kwafin Ibrananci na Leningrad, na shekara ta 1008, da fiye da shekara dubu.

Kwafe-kwafen Sabon Alkawari na Girkanci sun haura 5,000, kuma tun da da hannu aka kwafe su, akwai bambance-bambance a tsakaninsu. Mafi yawa na harafi ne ko jerin kalmomi, amma na kawo manya biyu da sunansu: ayoyi 9 zuwa 20 na ƙarshen Markus, da labarin matar da aka kama da zina a Yahaya 7:53 zuwa 8:11, waɗanda babu su a manyan kwafi biyu na ƙarni na 4, na Sina'i da na Batikan. Fassarori da yawa na zamani suna nuna haka a ƙasan shafi, don haka ɓoye shi a littafin gabatarwa rashin adalci ne ga mai karatu. Rabon babi-babi aikin Stephen Langton ne a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma na maɗabi'in nan Robert Estienne ne a 1551.

Bana Ista ta ikkilisiyoyin gabas da ta na yamma sun faɗo rana ɗaya, 20 ga Afrilu, abin da ba kullum yake faruwa ba, domin yawancin Otodoks suna lissafin idin da tsohuwar kalandar Yuliyus. Zan sanya wannan a babin bukukuwa.

19 ga Mayu

An shiga kashi na uku, kuma ya zo daidai da cikar shekara 1700 da zaman Majalisar Nikiya. Bayan tsanantawar da Diyokiletiyan ya fara a 303 da sassaucin da aka ayyana a Milan a 313, sarki Kwanstantin ya tara bishof-bishof a 325 a garin da ake kira Iznik yanzu, saboda rigimar da ta tashi a Iskandariya. Ariyus, wani firist na can, yana koyar da cewa Ɗan halitta ne, mafi ɗaukakar halittu, amma akwai lokacin da babu shi. Majalisar ta ƙi wannan, ta ce Ɗan haifaffe ne ba halittacce ba, zatinsa ɗaya da na Uba, kuma bishof biyu ne kawai suka ƙi sa hannu. Rigimar ba ta mutu nan take ba, sai da aka sake zama a Konstantinoful a 381, inda aka faɗaɗa sashen da ya shafi Ruhu Mai Tsarki, aka samu ƙa'idar bangaskiyar da ake karantawa a coci-coci har yau.

Na ba wani malamin tauhidin Kirista zayyanar ya duba. Ya ja layi a wuri ɗaya, ya ce: "Malam, ka tabbata mai karatu ya fahimci cewa in mun ce Ɗan Allah, ba haihuwa ta jiki muke nufi ba, kuma ba alloli uku muke bauta wa ba." An faɗaɗa sakin layin bisa wannan shawara. Yanzu yana cewa Kiristoci sun gaskata Allah ɗaya ne, madawwami cikin Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma dangantakar Uba da Ɗa ba ta da farko. Ban kawo misalan da ake yawan bayarwa na ruwa da ƙanƙara da tururi ba, domin malaman tauhidin kansu suna cewa irin wannan misali ya fi kusa da koyarwar da ikkilisiya ta ƙi. A ra'ayina, hanyar da ta fi sauƙi ita ce a nuna wa mai karatu matsalar da suke ƙoƙarin warwarewa: mutane ne da suka gāji kaɗaita Allah daga Yahudanci, suna kuma yin addu'a da baftisma da sunan Yesu tun ƙarni na farko, sai majalisun suka zo suna neman lafazin da zai riƙe abubuwan biyu ba tare da an saki ɗaya ba.

9 ga Yuni

Majalisar Kalsidon ta 451 ta ce Almasihu ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, ta Allahntaka da ta mutuntaka, ba a cakuɗe ba, ba a rabe ba. Kibɗawan Masar, Habashawa, Armeniyawa da wani ɓangare na Suriyawa ba su karɓi wannan lafazi ba, kuma har yau ikkilisiyoyinsu na zaman kansu. Na ba su fili fiye da yadda littattafan gabatarwa suka saba, domin masarautar Aksum ta ƙasar Habasha ta karɓi addinin a ƙarni na 4 a zamanin sarki Ezana, tun kafin yawancin arewacin Turai.

Babin ceto ya tsaya a kan abin da duka suka haɗu a kai, cewa zunubi ya raba ɗan'adam da Allah, mutuwar Yesu da tashinsa ne suka buɗe hanyar sulhu, zai kuma dawo ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. Inda aka rabu shi ne yadda alherin Allah, bangaskiya da ayyuka suke haɗuwa, muhawarar da ta taso tsakanin Agustin na Hifo da Felajiyus a farkon ƙarni na 5, ta kuma sake kunno kai a 1517 lokacin da Luta ya fitar da batutuwansa 95 a Witenbag. Katolika da Otodoks suna ƙirga sakramenti, wato manyan ibadu masu tsarki, guda bakwai, yawancin Furotesta biyu, baftisma da Jibin Ubangiji. Rabuwar Roma da Konstantinoful, wadda ake dangantawa da 1054, ta samu shafi ɗaya, a kan ikon Fafaroma da kuma ƙarin da ikkilisiyar yamma, wato ta Roma, ta yi a ƙa'idar bangaskiya cewa Ruhu yana fitowa daga Uba da Ɗa.

23 ga Yuni

Abin da ya rage shi ne babin ɗabi'a, wanda zai dogara da Dokoki Goma, Huɗubar kan Dutse a Matiyu 5 zuwa 7, da umarnin ƙaunar Allah da maƙwabci. Sai babin bukukuwa. Sai na ƙarshe a kan yanayin addinin a yau, inda mabiyansa suka haura biliyan 2, kusan rabinsu Katolika. A nan ne za a kawo ƙungiyoyin Fentikos, waɗanda ake danganta bunƙasarsu da taron farkawa na titin Azusa a Los Anjeles a 1906. Taswirar tafiye-tafiyen Bulus tana hannun mai zane, an kuma roƙe shi ya rubuta sunayen garuruwan na dā tare da na yanzu. Cikakkiyar zayyanar za ta je wa masu dubawa uku, Katolika ɗaya, Furotesta ɗaya, da malamin tarihi ɗaya, kafin a kai ta wurin mai tace rubutu a watan Agusta.